Kasonmu na Fasaha Ya Iso Salaga

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Watsa Fasahar Zamani Zuwa Yankuna,
Hawa na huɗu, Ankara ta bakin teku, babban birnin ƙasa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta durƙuso, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikata da ta motocin Hukuma, ina neman izinin in faɗi ko ni wane ne, don na san mai aiki irin naka ba ya riƙe sunan kowa. Ni ne Garuba Ɗanlarai, mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Salaga, shekara talatin da ɗaya a kan benci ɗaya. Ni ne kuma wakilin Hukumarka a garin nan tun 1987. Takarda shida na aiko maka ta gidan waya ban ji ko tari ba. Na gane dalili: akwatinka ya cika da wasiƙun godiya, tawa ba ta sami wurin shiga ba. Shi ya sa na miƙa wannan ga masu jarida, jama'a su taya ni yaba maka.

Na farko, ina godiya da ranar da kuka tuna da mu. Jami'inka Mista Boadu ya ƙetaro da jirgin fito na Makango da fararen motoci biyu, aka tara mu a filin makaranta. Ya rataya taswirar ƙasa a jikin allo, yana magana da Turanci tafinta na juya mana. Ya ce an kafa masana'antun haɗa rediyo da talabijin a kudu, nan gaba har da kwamfuta. Ya ce masana sun gano ci gaba irin wannan ba ya zama wuri ɗaya, halinsa halin ruwa ne: in ya cika tulu sai ya malalo ya jiƙa na kusa, na kusa ya jiƙa na gaba, har ya iso mu.

Malam Idirisu, wani tsohon falken goro da ya taka ƙasar nan da ƙafa tun daga sama har ƙasa, ya ɗaga sandarsa ya ce, "Yallaɓai, a jikin takardar nan na ga mu ne a sama, ku ne a ƙasa. Ruwan nan hawa zai yi?"

Mista Boadu ya yi dariya, ya cire taswirar, ya juya ta ƙasa ta koma sama, ya sake ratayawa. Fili ya ɗauki tafi. Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, na fi kowa tafawa. Tun da nake ban taɓa ganin an warware matsalar rabin ƙasa da ƙusa ɗaya ba. Malam Idirisu ya rasu bara, Allah ya ji ƙansa, ruwan bai riske shi ba.

Abu biyu Mista Boadu ya nema. Fili, da matasa huɗu huɗu daga Salaga da Yendi da Bawku, su je kudu horon wata tara su dawo da kayan aiki, kowanne ya koya wa goma. Aka naɗa ni wakili saboda ni ne na san cikin rediyo. Ni na bi gida gida har matan unguwarmu suka haƙura da filin da suke shanya rogo da gyaɗa. Matata Atikatu, mai sayar da bandar kifi, ta tambaye ni, "Baban Zuwera, to rogon a ina za mu shanya?" Na ce mata in masana'anta ta zo, inji ne zai riƙa busar da shi. Ban san inda na samo wannan magana ba. Ina jin zama kusa da jami'inka ne ya shafe ni.

Ginin kuwa kun yi shi, masha Allah. Shuɗin fenti, tagogin gilashi, allon suna da ake karantawa tun daga tasha. A jikin bango akwai kafar jona wuta goma sha biyu. Wayar lantarki ce dai ba ta zo ba. Amma kada ranka ya ɓaci, ba a bar su haka kawai ba, zanzaro ya yi gida a tara daga ciki.

Na biyu, ina jinjina wa adalcinku. Da aka zo maganar kayan aiki a 1989, ashe kwamfuta ɗaya aka ware wa arewa duka. Salaga ta ce ita ce tsohuwar kasuwa, Yendi ta ce ita ce babba, Bawku ta ce ita ce ƙofar ƙasashe. Wata hukuma mara tsoron Allah da sai ta zaɓi gari ɗaya. Ku kuwa kuka rubuto cewa, domin kada wani yanki ya fi wani, an raba na'urar uku. Mu aka ba mu fuskar, wato ɓangaren mai kama da talabijin. Yendi ta sami madannai, ɓangaren mai haruffa irin na tafireta. Bawku ta sami akwatin ƙwaƙwalwar. Kowane wakili ya sa hannu cewa kasonsa ba zai kwana a hannun wani ba.

Wata bakwai fuskar nan na kan tebur a lulluɓe. In na buɗe ginin don shara, matan unguwa kan leƙo su gyara ɗaurin kallabi a jikinta. Daga nan na ce wa kaina, Garuba, tunda kayan ba za su nemi juna ba, kai ka kai su. Na naɗe fuskar da zannuwan Atikatu, na sa ta a babban daro, na rungume ta a bayan motar doya har Yendi.

Wakiliyarku a can Malama Shetu ce, mai buga wa mutane takardu a ƙofar kotu. Ta ajiye madannan a akwatin tufafinta, cikin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai ranar salla. Ta ce kullum bayan asuba takan fito da su ta yi rabin awa tana gwaji.

Ta ce, "Masta, hannuna ya faɗa. Wasiƙa guda nake bugawa a kai, ba kuskure ko ɗaya."

Na ce, "Yaya kika san ba kuskure?"

Ta ce, "To ai ba inda yake nunawa."

Muka ajiye fuska kusa da madannai, muka duba gaba muka duba baya, babu kafar da ta shiga wata. Sai da akwatin Bawku. Ta nemi izinin mijinta, muka kama hanyar Bawku, ni da darona, ita da ƙunshinta a cinya.

A nan bari in ba ka wani albishir da na tabbata bai zo ofishinka ba. Janareton da kuka aiko tare da kayan bai ɓata ba. Motar da ta ɗauko shi ta lalace a Walewale, wani gari a kan hanyar Bawku, aka sauke shi, wani bawan Allah ya tausaya masa. Na gan shi da idona a bayan tasha yana ba wani ɗakin kallon bidiyo wuta. Mai ɗakin ya ɗauki magidanta biyu aiki, mai tsaron ƙofa da mai gadi. Iyakar sanina, su ne mutum biyu da shirinku ya sama wa aiki a arewa, kuma Walewale ba ta ma cikin shirin. Ashe gaskiya ne ci gaba na malala. Sai dai mota ta mutu tukuna.

A Bawku, wakilinku Alhaji Jibirilu ne, dillalin shanu da hatsi. Ya ce an zaɓe shi ne don ɗakin ajiyarsa ya fi na kowa ƙofa mai ƙarfi. Akwatin na can bisa buhunan gero, an yafa masa buzu. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya kama hannuna ya ja ni cikin kasuwa. Rumfa bayan rumfa, rediyo ne, rakoda ce, agogon hannu ne masu lambobi, injin lissafi ne da bai fi tafin hannu ba.

Ya ce, "Masta, kun wahalar da kanku. Wannan duka daga ƙetaren iyaka yake, kullum da safe a kan keke da jaki. Ba wanda ya taɓa tara mu a fili ya yi mana jawabi."

Duk da haka ya aro mana wuta a wurin wani mai sayar da ruwan sanyi. A nan muka gano wayar da ke haɗa fuska da akwati ba ta cikin kason kowa. Na fahimci uzurinku, waya ɗaya ba ta rabuwa uku, don haka aka bar ta a Ankara. Kwana uku na yi ina haɗa wata da guntayen wayoyi, ina gasa ƙarfen dalma a kan garwashi kamar yadda na saba. A rana ta uku da hantsi na jona. Akwatin ya yi gurnani. Fuskar ta kawo haske.

Ranka ya daɗe, da ka ga Malama Shetu. Ta goge hannuwanta a jikin zane, ta zauna, ta yi bisimilla, ta buga sunanta. Ba abin da ya fito. Rubutu layi ɗaya ne kawai a sama, da wani ɗan koren ɗigo yana ƙyaftawa a ƙarƙashinsa. Na karanta musu: na'urar na cewa a sa mata faifai. Alhaji ya tambaya, wane faifai? Na tuna a takardarku an ce fayafayan suna hannun ɗaliban da aka kai horo, za su taho da su. Mu uku muka tsaya muna kallon ɗigon nan har mai wuta ya aiko yana son wayarsa, ruwansa ya fara ɗumi. Kowa ya ɗauki kasonsa. 

Wannan ya kawo ni kan ɗaliban, wato na uku, kuma a nan nake roƙon ka ɗan rage saurin karatu.

Su goma sha biyu suka tafi a farkon 1988. Wata taran ya zama shekara biyar. Masana'antar da ta horar da su ta ga hannunsu ta riƙe su, kuma ban ga laifinta ba, ko ni ne haka zan yi. Sunan farko a takardar Salaga na 'yata ne, Zuwera. Ita ce babba a gidana. Tun tana makaranta take zama gefen bencina, har ta kai in aikin ya yi ƙanƙanta ita nake miƙa wa, don hannunta ba ya rawa. Uwarta ba ta so ba. Na ce wata tara kamar gobe ne. Da hannuna na rubuta sunan, har na ja masa layi.

Sau ɗaya ta zo, da babbar sallar 1990. Na ɗauki mabuɗi na kai ta ginin, ina ta zuba kamar Mista Boadu: nan benci zai zauna, nan ɗalibai, nan ofishinki. Ta bi bangon da kallo, ta sa yatsa ta taɓa gidan zanzaro.

Ta ce, "Baba, in na dawo, me zan kunna?"

Na duba kafofin wutar nan na jikin bango.

Ta ce, "Ba ƙin gida nake ba, wallahi. Amma abin da na koya ba a yin sa da garwashi."

Na tambaye ta faifan. Ta ce irin waccan na'urar an daina aiki da ita tun bara, faifan ma ba ta san inda aka zuba su ba. Yanzu ita ce ke duba aikin mata talatin kafin a rufe kowace rediyo. Ta auri Sumaila, ɗaya daga cikin huɗun Bawku. To ka ga Salaga da Bawku sun haɗu, amma a Tema, garin masana'antar can kudu. Suna da 'ya, Ayishetu. Mun san ta a hoto.

A watan jiya wani masunci daga Makango ya kawo mini rediyo sabuwa fil, ta ɗauke magana. Na kwance ta. A da in ka buɗe rediyo kana ganin kayan cikinta ɗaya ɗaya, ka nemo mai ciwo ka canza. Wannan kuwa duk an haɗe su a ƙarƙashin wani baƙin ɗigo kamar kwalta, ba a buɗewa, ba a gyarawa, sai dai a jefar a sayi wata. A jikin murfin daga ciki an manna 'yar takarda ta mai duba aiki, da haruffa biyu da biro: Z. G. Na san wannan Z ɗin. Ni na koya mata yi masa ɗan layi a tsakiya.

Mako guda rediyon na gabana. Ban iya ba. Da masuncin ya dawo na ba shi tawa ta kan benci, na ce ya bar mini tasa. Ya ɗauka na zautu. Na kai wa Atikatu murfin na nuna mata haruffan. Ta karɓa, ta juya shi, ta sa a ƙarƙashin matashinta, ta koma kan kifinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ga rahotonku na shekara biyar, wani malamin makaranta ya ara mini. An rubuta cewa duk waɗanda aka horar daga arewa sun sami aiki, ɗari bisa ɗari. Gaskiya ne. An rubuta cewa an kafa cibiya a gari uku, kowace da kayanta. Gaskiya ne. An rubuta cewa kayan masana'antun kudu sun shiga kowane lungu na arewa. Wannan ma gaskiya ne, ina da rediyo guda goma sha ɗaya matattu a ƙarƙashin benci. Na nemi ƙarya ko ɗaya a littafin nan ban samu ba, kuma ban taɓa karanta abin da ya fi shi nisa da abin da ya faru ba. Wace makaranta ake koyon wannan rubutu? Ita ma a kudu take? Kuma tunda motocin da ke tafiya can suna tafiya da doya da shanu da kifi da 'ya'yanmu, su dawo da batir da rediyon da ba ta gyaruwa, shin a lissafin masana wane ne yake malala wa wani?

Na huɗu, ko na biyar ne, lissafin ya kuɓuce mini. Ranar Talatar da ta wuce takarda ta iso daga ofishinka, ta farko cikin shekara uku. Na buɗe da sauri, na ɗauka wayar lantarki ce za a kawo. Sai na ga an ce, ganin nasarar zagaye na farko, in zaɓo matasa ashirin masu kaifin kai daga Salaga in aiko da sunayensu kafin ƙarshen wata.

Ni mai biyayya ne, na fita. Gidan farko na Mma Abibatu ne, wadda ɗanta Mutaru ke cikin huɗun farko, shi kaɗai gare ta namiji. Na yi sallama. Ta leƙo ta ga takarda a hannuna.

Ta ce, "Masta, ka zo ɗiba na biyu?"

Ta mai da ƙofa ta rufe a hankali, yadda ake rufe wa mutumin da ake jin kunyarsa.

Amma kada in yi maka rahoto irin naku, akwai sauran magana. Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa. Samari da 'yan mata suka cika gaban rumfata, wasu da takardun makaranta a leda, sun fi hamsin. Kowa na cewa, Masta, sa ni. Ɗaya daga cikinsu, Issah, wanda ya gama sakandare shekara uku yana tura kurar ruwa, ya ce, "Masta, kai ka tura taka ta tsira. Mu ne za ka hana?" Bai yi ƙarya ba. In na rubuta su, na kwashe garin da hannuna. In na ƙi, na tsare musu hanya ɗaya da ke buɗe. Na ce musu hanyar Makango ba ɓoyayya ba ce, jirgi na tashi kullum, wanda zai tafi ya tafi da albarkar iyayensa, zan ba shi adireshin Zuwera ta nuna masa ƙofar masana'anta. Amma ni Garuba ba zan sake rubuta sunan ɗan kowa a takardar da ta ce zai dawo ba.

Na koma gida na zauna da takardarka babu suna ko ɗaya. Atikatu na jera kifi a kwando, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ka aika musu waɗanda ba za su so riƙewa ba mana."

Ranka ya daɗe, shekara talatin da huɗu muna tare, ban taɓa jin ta yi magana irin ta masana ba sai ranar. Na bi shawararta, kuma ina farin cikin sanar da kai cewa ashirin sun cika, sunayen na haɗe da wannan wasiƙa. Na ɗaya ni ne, shekara hamsin da tara, idon dama ya fara yana amma na hagu garau. Akwai Mikaila mai gyaran agogo, saba'in da ɗaya, kunnensa ya yi nauyi, a sa shi a layin gaba. Akwai Amidu tela da ƙanensa. Akwai Mma Abibatu, wadda ta buɗe ƙofa da ta ji sabon tsarin, ta ce a tambaya ko ajin na kusa da inda Mutaru yake. Atikatu ta ce a rubuta ta, amma in gaya maka tun yanzu ba za ta shiga aji ba, goyo za ta je yi. Ƙaraminmu shekararsa hamsin da shida.

Buƙatunmu kaɗan ne. A yi rubutun allo da manyan haruffa. A tashi kafin azahar, don yawancinmu ba ma wuce ta ba mu kishingiɗa ba. A sa mu a ɗakin ƙasa saboda gwiwa. Ba na yi maka alkawarin za mu gane komai. Abin da nake ba ka tabbaci a kai shi ne wanda Hukumarka ta kasa samu shekara biyar: mu ashirin ɗin nan duk za mu dawo. Babu masana'antar da za ta yi marmarinmu, kuma kowannenmu ya riga ya nuna wa iyalinsa inda yake so a binne shi, duka a nan Salaga ne.

Allah ya ƙara wa Hukuma hawa a kan hawa, ya kare motocinta daga hanyoyinmu.

Naka, mai biyayyar da ba ta taɓa jin amsa ba kuma ba ta gaji ba,

Garuba Ɗanlarai,
Mai gyaran rediyo, wakilin Hukuma, ɗalibi mai jiran kira,
Bakin kasuwa, Salaga.
Maris, 1993.